Lambun Makaranta Ba Wurin Horo Ba Ne

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau maganar itace za mu yi. Kowace mace a Gidan Goga, ko Maradun, ko Bakura, ta san yadda damin itacen girki ya yi tsada. Dā yara su kan shiga daji su yiwo shi kyauta. Yanzu kuwa dajin ya ja baya, ga kuma tsoron 'yan bindiga, ba uwar da za ta yarda ta aiki ɗiyarta nesa da gari. To, tun da ya ke wahalar a kanmu ta ke ƙarewa, me ya hana a koya wa 'ya'yanmu mata sana'ar rayar da itatuwa tun suna makaranta?

A makarantu da dama ba a tura yarinya lambu sai ta makara ko ta yi surutu a aji. Ta haka ta ke tashi tana ganin riƙon fartanya wulaƙanci ne. Alhali kuwa renon dashe sana'a ce mai kawo kuɗi, kuma ba ta bukatar fita gida. Ana cika 'yar leda da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a shuka iri da bazara, a riƙa ban ruwa safe da maraice a inuwa, in damina ta zauna a sayar wa masu dasawa. Zogale ya kan tsiro cikin mako biyu. Irin kuka da na gawo suna da taurin ɓawo, sai an jiƙa su a ruwan zafi tukuna. Yarinyar da ta iya auren mangwaro kuwa, watau haɗa reshen mai daɗi a kan gindin na gida, ta riƙe abin da manoma za su biyo ta har ƙofar gida su biya.

Kada wani ya ce wannan tatsuniya ce. Maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, sun gwada. Bayan farin da aka sha, wajen 1984, manoma suka daina tumɓuke kututture in suna sassabe. Sai su zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassare sauran. Suna kiran wannan sassabin zamani. Masana sun ƙiyasta itatuwa kamar miliyan 200 sun komo a fili mai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Yawancinsu a wasu wurare gawo ne, wanda ya ke zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana, sa'an nan ya ƙara wa gona taki. Matan can suka sami itacen girki a gonakinsu. Ƙasarsu fa ta fi tamu ƙarancin ruwan sama, kuma Hausawa ne irinmu.

Mu kam har Allah ya ba mu abin da su ba su da shi. Ga madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, tana shayar da gonakin shinkafa da kayan lambu a wajen Talatar Mafara da Bakura. Tun 2007 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla shawarar dasa katangar itatuwa don tare hamada, Zamfara tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da aikin ya shafa. Wannan aiki dashe ya ke so, da masu renonsa. In 'ya'yanmu ba su iya ba, daga wani wuri za a sayo.

Akwai kuma aikin hasken rana. Famfon sola ya fara shiga ƙauyuka, amma in ya lalace sai a yi ta jiran mai gyara daga birni, mata su koma igiya da guga. Sau da yawa ma ba lalacewa ya yi ba, ƙurar hunturu ce ta rufe farantin. Yarinyar da ta riƙe lissafi da kimiyya tana iya wucewa kwalejin fasaha ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ko ta aikin gona a Bakura. Wanda ya ce waya da batir na maza ne kaɗai, ni dai ban ga hujjarsa ba, gama hannun da ya iya kitso mai ƙanana ba zai kasa ɗaura waya ba.

Na sani tun da aka sace 'yan makarantar Kaya a 2021 zukatan iyaye ba su kwanta ba, ba na kuwa ganin laifin uwar da ta ji tsoro. Amma ko wadda ke zaune a gida tana iya somawa a bayan ɗaki. Ku tara ledojin ruwan sha da a ke zubarwa, ku huda gindinsu, ku ajiye irin zogale da na darbejiya kafin bazara. Iyayen da ke zuwa taron makaranta kuma, ku roƙi hedimasta ya ware wa kowane aji kwami nasa, kuɗin dashen da aka sayar a saya wa ajin alli da littattafai.