Na'urar binciken jiki a filin jirgi: gaskiyar magana da ƙanzon kurege

Da zarar maniyyatan Zariya sun fara haɗa kaya, sai tsohuwar magana ta farfaɗo daga teburan masu shayi na Sabon Gari har kasuwar Samaru. Wai na'urar da ake shiga a ɗaga hannu a filin jirgi tana jawo ciwon daji, tana kashe ƙwayoyin haihuwa, tana ɓarar da ciki, kuma tana tsiraita mutum.

Na'urorin sun bazu ne bayan 25 ga Disamba 2009, ranar da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam ɗin da ya ɓoye a kamfai cikin jirgin Amsterdam zuwa Detroit.

Iri biyu ne, kuma a nan ake haɗa su a kwaɓa. Tsohuwar tana amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, wanda yawansa kan yi illa. Sai dai abin da take sakarwa mutum bai wuce abin da jikinsa ke sha daga sararin samaniya cikin 'yan mintoci a jirgi ba, ballantana awannin Kano zuwa Jidda. Duk da haka Tarayyar Turai ta hana ta a 2011, Amurka kuma ta kwashe nata a 2013.

Zancen tsiraici yana da tushe, domin tsohuwar kan nuna surar jiki, kuma wannan ne ya kore ta daga Amurka. Mace mai kunya da ta ƙyamaci haka tana da hujja. Ta zamani zanen mutum-mutumi kawai take nunawa, da alama a inda ta ga wani abu. Igiyar rediyo mai rauni take turowa, wadda ke tsayawa a fata, ba ta isa mahaifa ko maraina.

Abin takaici, ana ta wannan magana a Zariya alhali masana wannan fanni maƙwabta ne. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru take, tana riƙe da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, kuma auna irin wannan haske aikinta ne na kullum.

Mai batirin zuciya ya sanar da jami'ai kafin ya wuce, mai juna biyu da hankalinta bai kwanta ba kuma ta roƙi mace ta caje ta da hannu. Na'urar kaya ta fi ƙarfi, don haka kada a zura mata hannu, amma dabino da zamzam da suka ratsa ta ba sa riƙe komai.