Kwale-kwalen Aro Ya Fashe: Yaya Za Mu Yi da Abokantaka?

 Yau za mu duba wani abu da yakan raba abokai a garuruwanmu: mutum ya ari kwale-kwalen abokinsa, ya dawo da shi a fashe.

Wanda ba ya zama a bakin ruwa zai ce ai katako ne kawai. Mu mun san ba haka ba ne. Da shi ake jefa taru, da shi ake haye da masara zuwa kasuwa, da shi ake kai mai naƙuda asibiti a tsallake, daga cikinsa kuɗin makaranta yake fitowa. Manyan itatuwan maɗaci da ake sassaƙawa a dā sun yi wuyar samu, katako ya yi tsada. Masuntan Galili ma haka suka riƙe nasu. A shekarar 1986, da ruwan Tekun Galili ya ja baya saboda fari, an tono wani jirgi na zamanin Yesu daga cikin laka, tsawonsa wajen mita 8. An tarar an yi ta yi masa faci da itatuwa iri-iri, alamar masu shi sun daɗe suna lallaɓa shi don ba su da halin yin sabo.

To, me Maganar Allah ta ce game da aro? Bari mu buɗe Littafin Fitowa sura 22, daga aya 10 zuwa 15. Maganar dabbobi ake yi a wurin, gama jaki da sa su ne abin neman abincin Ba'isra'ile, kamar yadda kwale-kwale yake a gare mu. Shari'ar Musa ta bambanta ajiya da aro. Idan ka ba maƙwabcinka ajiyar dabba, ta mutu ko ta ji rauni ba wanda ya gani, zai rantse a gaban Ubangiji cewa ba hannunsa a ciki, ba zai biya ba. Amma idan shi ne ya zo ya ara, ta ji rauni ko ta mutu mai ita ba ya nan, sai ya biya. Dalilin a fili yake. Mai ajiya alheri yake yi maka. Mai aro kuwa shi aka yi wa alheri, shi kaɗai ya ci amfanin abin, saboda haka hasarar ma tasa ce.

Ku lura, shari'ar ba ta tambayi mai aro ko da gangan ya yi ba. Wannan wurin ne yake mana wuya. Mukan ce, "Ai tsautsayi ne, dorina ce ta buge shi," ko "Kututture ne a ƙarƙashin ruwa, wa zai gan shi?" Gaskiya ne, duk wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ya san Binuwai takan kwaso abin da gwanin matuƙi ma ba zai iya kauce masa ba. Tsautsayi yana wanke mutum daga zargi, amma ba ya cire masa nauyin biya. Balle a ce lodi ya yi yawa, ko an yi tafiyar dare, ko an sha burukutu kafin a kama filafili.

Akwai sauƙi iri biyu a aya 15. Idan mai abin yana wurin sa'ad da ya lalace, ba biya, domin yana da ido da bakin da zai ce a tsaya. Idan kuma haya aka yi, kuɗin hayar ya ɗauke hasarar. Shi ya sa yana da kyau tun a bakin gaɓa a faɗa a fili, aro ne ko haya. Mu ba a ƙarƙashin Shari'ar Musa muke ba, amma adalcin da yake cikinta na Allah ne, bai tsufa ba.

Yanzu kai da ka ara. Ka tuna da almajirin annabin nan a 2 Sarakuna sura 6, wanda yana saran itace a bakin Urdun sai ruwan gatarinsa ya faɗa cikin kogi. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, gatarin na aro ne. Nan take ya yi kuka ga Elisha, ya kuma nuna daidai wurin da ƙarfen ya faɗa. Ka yi haka. Ka tafi da ƙafarka a ranar, kada abokinka ya ji labari a bakin yara ko a kasuwar kifi. Kada ka ɗaure jirgin a wata gaɓa, ka shafe tsagar da kwalta, ka yi shiru. Ranar da facin ya buɗe a tsakiyar ruwa, wataƙila 'ya'yansa ne a ciki. Ka ce masa, "Ɗan'uwana, abin da ya faru ke nan, a hannuna ya lalace, ni zan ɗauki gyaran." Ko ba ka da ko sisi a ranar, ka faɗi haka, sa'an nan ku zauna ku ga yadda za a yi. Zabura 37:21 ta lasafta mai cin bashi ya ƙi biya cikin mugaye, ta kuma ce adali mai bayarwa ne.

Me za a biya? Darajar jirgin yadda yake ranar da aka ara, ba ta sabo ba. Ku kira kafinta ko masassaƙin da ku biyu kuka yarda da shi ya duba. Amma akwai abin da mutane sukan manta, wato kwanakin da abokinka zai zauna ba ya shiga ruwa. Gidansa zai ci abinci a kwanakin nan. In kana da jirgi, ku yi karɓa-karɓa da shi. In ba ka da shi, ka raba kamunka da shi, ko ka aika da kwanon hatsi. Sau da yawa wannan yakan gyara zuciya fiye da kuɗin kafinta.

Kai kuma mai jirgi, gwajinka ya fi nasa nauyi. Kalmar da ta fi kashe abokantaka a cikinmu ita ce "ba komai". Mutum ya ce ba komai don kunya, alhali cikinsa yana tafasa. Ya koma gida ya gaya wa matarsa, ita kuma ta daina gaida matar abokin a zumuntar mata, yara su daina wasa tare, bayan shekara biyu gidaje biyu suna cin Jibin Ubangiji a benci ɗaya ba sa duban juna. A Matiyu 18:15 Ubangiji ya umarta ka je wurin ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, ka faɗa masa abin da ya yi maka. In ranka ya ɓaci, ka ce ya ɓaci. In kana bukatar a biya ka, ka faɗa, ba zunubi ba ne. Gafarta wa mutum daban, yafe masa kuɗi daban. Gafara wajibi ce a kan kowane mai bi, ko an biya ko ba a biya ba. Yafe kuɗin kuwa kyauta ce, mai iyawa ya yi. In ka yafe rabi, ka ce rabi ka yafe, kada kuma ka sāke tā da maganar ranar da kuka saɓa a kan wani abu dabam.

Ka kuma yi hankali da yadda kake karɓa. Maimaitawar Shari'a 24:6 ta hana a karɓi dutsen niƙa jingina, domin ran mutum ne aka karɓa. In ka ƙwace tarun abokinka ko komarsa, da me zai kama kifin da zai biya ka? Ka ba shi lokaci, ko zuwa kaka, ko zuwa sa'ad da ruwa ya janye kamu ya yi kyau.

Idan kun kasa daidaitawa, ku kira mutum ɗaya ko biyu, dattijon ikkilisiya ko sarkin ruwa, wanda ya san farashin katako ya kuma san ku duka. A rubuta abin da aka shirya, nawa ne, kuma yaushe. Manzo Bulus ya tsawata wa Korantiyawa a kan kai 'yan'uwa ƙara gaban mahukunta, mu ma mun ga yadda kuɗin zirga-zirgar kotu yakan wuce kuɗin jirgin. Dattawa kuma kada su tsaya ga yin sulhu da baki. Bulus ya rubuta wa Filimon cewa in Onisimus yana da bashinsa, a ɗora a kansa, shi zai biya. Idan mai aron matalauci ne ƙwarai, ikkilisiya tana iya tara wani abu, matasa su ba da ƙarfinsu ranar gyara.

Wani zai tambaya, in na gafarta masa, dole in sāke ba shi aro? Ba dole ba ne, musamman in ganganci ne ya jawo ɓarnar. Kana iya ce masa, "Abokina, gobe da asuba ni ma zan haye, zo mu tafi tare." Kai kana riƙe da filafili a baya, shi yana gaba da kayansa.