Allura Uku Masu Tsare Numfashin Jariri

Ƙwayar cutar nimokokas takan yi lamo a hancin yara. In ta samu sarari, sai ta gangara huhu ta haddasa nimoniya, ko ta kai ga ƙwaƙwalwa ta jawo sanƙarau. Wata kwasfar sukari ce ke lulluɓe ta, jikin jariri kuwa ba ya gane kwasfar sosai. Saboda haka masana suka ɗaura sukarin a jikin furotin, domin jiki ya shaida shi, ya riƙe kamanninsa. Gwajin wannan rigakafi a Gambiya, wanda aka bayyana a 2005, ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 16 cikin 100. Nijeriya ta soma bayar da allurar a 2014, a mako na 6, na 10 da na 14. Iyaye, a daure a cika ukun.