Ƙananan Kalmomin Turanci da Ke Kan Takardar Magani da ta Rance

 

A zagayen da muke yi na ikilisiyoyin ƙauyuka, kusan duk inda muka sauka sai an miƙo mana takarda a ce mu karanta: ta asibiti, ta jikin kwalbar maganin ƙwari, ko wasiƙar rance. Sau da yawa akwai ɗan makaranta a gidan, ya ma riga ya karanta, amma hankalin iyaye bai kwanta da fassararsa ba. Da muka zauna da yaran sai muka ga sun san manyan kalmomin. Ƙananan ne ke kayar da su, alhali su ne ke faɗin ko abu dole ne, ko shawara ce, da wanda zai biya wa, da kuma yaushe.

Akwai kalmomi 9 da malaman makaranta ke kira modal, mu kuma a ajinmu muna ce musu mataimakan aikatau: can, could, may, might, shall, should, will, would, must. “Must” dole ke nan. “Should” ya kamata. “Can” iyawa ko yarda. “May” izini ko yiwuwa. “Will” shi ne “za” namu. Could, might da would sun fi laushi, ana amfani da su wajen roƙo ko abin da ba a tabbatar ba. “Shall” kuwa, in kun gan shi a takardar yarjejeniya, ku ɗauke shi kamar dole. Masu tsohon Littafi Mai Tsarki na Turanci, fassarar Sarki Yakubu ta 1611, sun saba da shi a Dokoki Goma, cikin Fitowa sura 20.

Dokarsu ta farko ita ce ba sa tsayawa kai tsaye da suna, ko da ƙananan kalmomin haɗi irin su to, in, at, by. Sai an sa aikatau a tsakani, wato kalmar da ke nuna aiki. A nan ne Hausa ke ruɗin yaranmu, kuma ba laifinsu ba ne. Mu mukan ce “Za ni kasuwa”, babu “tafi” a ciki, magana ta cika. Mukan ce “Ta iya Turanci”, “Ya iya keke”. Sai yaro ya ɗauko wannan ya rubuta “I will to market” ko “She can English”. Bature ba ya faɗin haka. Sai ya ce “I will go to the market”, “She can speak English”, “He can ride a bicycle”. Idan babu wani aikin da za a ambata, sai a sa “be”: “The medicine must be in a cool place”, dole maganin ya kasance a wuri mai sanyi.

Aikatau ɗin kuma tsirara yake zuwa. “She must come” ake cewa, ba a ƙara masa s, ba a sa masa to a gaba. “Ought to” ne ke tafe da nasa to, ma'anarsa kuma kusan ɗaya da should.

Wurin zaman suna gaban mataimakin ne: “The children can drink this water”, yara za su iya shan ruwan nan. Idan kuka ga sunan ya koma bayansa, “Can the children drink this water?”, tambaya ce, ba a ba kowa izini ba tukuna. Duk mai karanta wa jama'a rahoton gwajin ruwan rijiya ya lura da wannan.

Yanzu ga inda kuɗi da lafiya suke. Bayan aikatau ne ƙaramar kalmar haɗi ke zuwa da sunanta, kuma ita ke juya maganar. Ku duba waɗannan biyu:

“The money must be paid by the committee.”
“The money must be paid to the committee.”

Ta farko, kwamiti ne zai fitar da kuɗi. Ta biyu, kwamiti ne zai karɓa. Mun taɓa iske kwamitin rijiyar burtsatse a wani ƙauye sun zauna makonni suna jiran kuɗin gyara, famfo a lalace, mata suna komawa rafi, alhali wasiƙar cewa ta yi su ne za su biya makaniki daga asusun da suke tarawa. Wanda ya karanta ya ga money, ya ga committee, ya yi murna, bai tsaya kan “by” ba.

Wannan “by” ɗin yana da fuska ta biyu. In ya zo da rana, yana nufin kada a wuce ranar. “The loan must be repaid by 30 November”: a gama biyan rance kafin ranar, ko a ranar in an makara ƙwarai. “On 30 November” a ranar ce daidai. “From 30 November” kuwa daga ranar za a fara. Ma'ajin zumuntar mata da ya ɗauki by a matsayin from zai jawo wa ƙungiya tara.

Haka yake a magani. “For 3 days” kwana 3 a jere ana sha. “After 3 days” sai bayan kwana 3. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem ana shansa sau 2 a rana har kwana 3, sha 6 ke nan, kuma takardarsa tana cewa a sha “with food”, tare da abinci, musamman mai ɗan maiƙo ko madara, domin haka jiki ya fi karɓarsa. Wanda ya daina a rana ta biyu don zazzaɓi ya sauka bai gama ba. Ruwan gishiri da sukari na fakiti da ake ba yaro mai gudawa, za ku ga an rubuta “must be used within 24 hours”. “Within” yana nufin cikin wannan lokaci: abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo. A duba yawan ruwan da aka rubuta a jikin fakitin kuma, yawanci lita 1 ne.

A kan kwalbar feshi, irin wannan jimla ta kan zo da “not”: “must not be sprayed within 14 days of harvest”. Wato in girbi ya rage kwana 14 ko ƙasa da haka, an hana feshi. Adadin kwanakin ya bambanta daga magani zuwa magani, don haka kowace kwalba a karanta tata. Masu noman tumatir da alayyafo na rani, wannan naku ne, domin abin da kuka fesa shi 'ya'yanku da masu saye za su ci.

Kada a haɗa “must not” da “need not”. Na farko hani ne: kada. Na biyu sauƙi ne: ba sai an yi ba. “You need not come with the card”, ba dole ne ki zo da katin ba, in kin zo da shi babu laifi. Game da “should not”, a littafi shawara ce, amma a namu ganin, in kun ga “should not be given to children under 12” a jikin magani, ku ɗauke shi hani, kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba sai ma'aikacin lafiya ya ce a ba shi. “May” ma yana so a kula. “You may take it with milk” izini ne. “It may cause vomiting” kuwa gargaɗi ne cewa wataƙila ya sa amai, ba kowa zai yi ba.

Abu ɗaya ya rage, wanda ke ba 'yan aji dariya. Wasu daga cikin kalmomin nan sukan zama suna da kansu. Alamar ita ce a, the, ko my a gabansu. “A can” gwangwani ne. “The can must be destroyed” na nufin dole a lalata gwangwanin maganin, kada a wanke shi a zuba man gyaɗa ko ruwan sha, kamar yadda muke gani a wasu gidaje. “May” mai babban harafi a tsakiyar jimla watan Mayu ne. “A will” kuma wasiyya ce. Gwauruwar da aka tambaya a ofis ko mijinta ya bar “will”, takardar rabon gado ake nufi, kuma amsar da za ta bayar tana iya shafar gona da gidan marayu.

Muna roƙon fastoci da dattawa su sanar a majami'a cewa duk mai zuwa ajin yaƙi da jahilci ya riƙo fakitin magani da ya ƙare ko tsohuwar wasiƙa daga gida. Malamin aji zai sa a ja layi ƙarƙashin mataimakin, a zagaye kalmar haɗin, sa'an nan a fassara tare. Kwalbar maganin ƙwari kam a bar ta inda yara ba sa kaiwa, a kwafo rubutun jikinta a takarda kawai.