Tun ran gini, ran zane

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa samun kwangilar rijiya ko ta ginin aji a ƙasar Arewa ya san abin da ke cinye riba: sai an gama aiki, mai aikin ya ce ba haka yake nufi ba. Sau da yawa laifin yana cikin takardar sharuɗɗa, wadda aka rubuta da dogon faransanci, kowa ya fassara ta yadda ya ga dama.

Masu ƙera jiragen sama da motoci sun sha fama da wannan ciwo. Maganinsu shi ne zana buƙatun aiki kafin a taɓa ƙarfe: wa zai yi amfani da abin, me yake so, me zai hana. An tsaida ƙa'idojin zanen, UML a 1997, SysML a 2007. Wuyar ita ce koyar da ma'aikacin da ya shekara ashirin bisa tsohuwar hanya, ga shi ba ya da lokacin komawa lakkwal.

A nan gida ma'aikatanmu sun san ƙanen wannan ilimi: jadawalin tsara furoje da aka ƙirƙiro a Amurka a 1969, da itacen matsaloli. Bayan zaɓen 2004 an ɗora ma kowace komin tsara shirin raya kanta. A 2011 Tibiri ta zama gunduma mai komin huɗu: Tibiri, Dumega, Geceme da Kore Mai Ruwa. An rushe majalisun komin a Afrilun 2024, amma aikin rubuta sharuɗɗa yana nan a hannun ma'aikata.

Mu ɗauki misalin ruwa. Cikin kwarin Dallol Mawri ruwa na kusa, bisa tudu kuwa sai an yi zurfi. Idan aka zana famfon gari, aka sa mata, makiyaya da masu lambu kowa a wurinsa, nan take za a ga tankin da aka auna da kawunan mutane ba zai ishi shanu da rani ba, a kuma ga babu wanda aka ɗora ma gyaran inji.

Don haka horon da zai yi amfani a Dogon Dutsi shi ne na ƴan kwanaki, bisa takardun aikin da ke hannun ma'aikaci, da hausa, a kan allo kafin kwamfuta. Kuma a zaunar da ɗan kwangila cikin ajin, tun da shi zai zuba kuɗinsa.