Bahon wanka mai ƙofa: abin da ya kamata ku sani kafin a girka wa tsoho

A Amurka da Ingila akwai wani bahon wanka da ake yawan tallata wa 'yan fansho a talabijin da jaridu. Ya fi bahon da aka saba gani zurfi, yana da ƙofa a gefe, da wurin zama a ciki, da ƙarfen riƙewa. Maimakon tsoho ya ɗaga ƙafa ya tsallaka bangon baho da ya kusa kai masa gwiwa, sai ya buɗe ƙofa, ya taka ɗan dakalin da bai kai taƙi ba, ya zauna abinsa. Wasu ma har da na'urar da ke feso ruwa ta gefe tana tausa jiki.

Dalilin ƙera shi mai ƙarfi ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce cikin duk mutum huɗu da suka kai shekara 65 zuwa sama, ɗaya yana faɗuwa a kowace shekara. Ta kuma taɓa ƙiyasta cewa a 2008 kaɗai mutum kusan 234,000 aka kai sashen gaggawa na asibitoci saboda raunin da suka ji a banɗaki, kuma kusan takwas cikin goma faɗuwa suka yi. Wanda ya taɓa jinyar dattijon da ya karye a ƙugu ya san sau da yawa ba a komawa yadda ake. Saboda haka ɗa ko 'yar da ke zaune a waɗannan ƙasashe, mai son ganin Baba ya yi wanka da kansa ba tare da an kama shi ba, ba za a ga laifinsa ba idan tallan ya shiga ransa.

Abin da tallan ba ya tsayawa a kai shi ne yadda wankan ke gudana. A bahon da aka saba, ruwa ake fara tarawa, a sa hannu a ji ɗuminsa, sannan a shiga. A wannan kuwa mutum ne ke fara shiga, ya rufe ƙofa, sannan ya buɗe famfo ya zauna tsirara yana jiran ruwa ya hau. Idan ya gama, ba damar fita sai ruwan ya tsiyaye har ƙasa da bakin ƙofar. Yawancin ƙofofin ciki suke buɗewa, kuma nauyin ruwan ne ke danne su, don haka ko ƙato ba zai iya ja ba muddin bahon na cike. Ke nan daga farkon wanka zuwa ƙarshensa tsoho a kulle yake. Duk kuskuren da mai haɗa famfo ko mai wayarin ya tafka, a kan mutumin da ba shi da hanyar gudu zai sauka. Shi ya sa a ganina hannun da ya girka bahon ya fi sunan kamfanin da ya ƙera shi muhimmanci.

Mu fara da zafin ruwa, don nan ne aka fi yin ganganci. Irin wannan baho yakan ci lita 150 zuwa 300, alhali tankin ruwan zafi na gidajen Amurka da yawa galan 40 ne ko 50, wato lita 150 zuwa 190. Ruwan zafi sai ya ƙare kafin baho ya cika, mai gida ya kira ya yi ƙorafi. Mai aikin ƙwarai zai ce a sauya tanki, ko a ƙara wa tankin wuta amma a ɗaura na'urar da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi kafin ya fito, yadda ba zai wuce wani mizani ba. Mai neman sauƙi kuwa murɗa tankin kawai zai yi ya kama gabansa. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi bayani dalla-dalla: ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana ƙona fatar babba har ƙasa cikin daƙiƙa 6, mai digiri 49 kuwa sai ya ɗauki kamar minti 5. Shi ya sa take ba da shawarar a tsaya a 49. A Ingila tun 2010 dokar gini ta wajabta kada ruwan da ke zuba a bahon sabon gida ya wuce digiri 48.

Yanzu ku dubi inda ruwan ke fara taruwa: ƙasan baho, wurin ƙafafu. Dattijo mai ciwon suga, wanda jijiyoyin ƙafarsa suka daina ji sosai, zai iya zama yana kallon tururi, ƙafarsa na dahuwa bai sani ba. Kafin ruwan ya kai cinya ya ji zafi, ɓarna ta riga ta auku, ga shi kuma ƙofa ba ta buɗuwa. Fatar tsoho ta fi ta matashi laushi, rauninta kuma ya fi daɗewa bai warke ba.

Fitar ruwa ma haka. Tsofaffin gidaje bututunsu na magudana galibi inci ɗaya da rabi ne, wani ya daɗe da cushewa da gashi da daskararren sabulu. Idan aka jona sabon baho a kai ba tare da an duba ba, ko aka shimfiɗa bututun babu isasshen gangare, ruwan da kamfani ya ce zai fita cikin minti biyu ko uku sai ya ɗauki kwata guda. Mutum mai shekara 80, jiƙe sharkaf, a lokacin hunturun Shikago, minti goma sha biyar ba wasa ba ne gare shi. Wanda ya gaji da jira ya yunƙura zai tsallaka ta sama, to ya koma ga abin da aka kashe kuɗi don a guje masa. Garin neman gira an rasa ido.

Ƙofar kanta roba ce ke riƙe ruwanta, kuma robar ba ta kamawa daidai sai bahon ya zauna ɗas, babu karkata. Ƙafafunsa ana murɗa su ɗaya bayan ɗaya ana dubawa da ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya. Aka yi gaggawa a nan, ƙofa za ta fara ɗiga. Ɗigon da ya fito fili yana sa tayil santsi. Wanda ya bi ta ƙarƙashi ya fi muni, domin gidajen Amurka galibi na katako ne, daɓen bene ma katako ne a kan ginshiƙan katako. Lita 200 na ruwa kilo 200 ne, jarka takwas ke nan mai lita 25, a ƙara nauyin baho da na mai wanka, duka a kan ɗan wuri. Katakon da ya shekara yana shan ruwa a ɓoye ba zai faɗa wa kowa ba sai ranar da ya lotsa. Haka ƙarfen riƙewa na bango: ƙa'idar Amurka ta masu buƙata ta musamman ta ce ya iya ɗaukar kilo 113. Idan aka ɗaure shi a farin fallen bangon kawai, ba a samu katakon da ke bayansa ba, ran da tsoho ya sake masa nauyinsa zai taho da shi.

Sai wuta. Bahon da ke da injin feso ruwa ko abin ɗumama wurin zama yana buƙatar layinsa na lantarki, da na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta ji tana zirarewa. Amurkawa na kiranta GFCI, a Ingila RCD. Dokar wayarin ta Amurka ta wajabta ta ga irin waɗannan bahuna, amma doka ba ta hana mai son gamawa da wuri ya jawo waya daga soket mafi kusa. Bututun injin kuma idan ba a saita su yadda za su tsiyaye tas ba, ruwan ɗumin da ya kwanta ciki gida ne ga ƙwayoyin cuta, har da mai jawo cutar huhun nan da aka gano bayan taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya a 1976, wadda ta fi kama masu shekaru.

Akwai kuskuren da ake yi tun kafin a ɗauko guduma, wato a sayar wa mutum bahon da bai dace da jikinsa ba. A 2014 a Las Begas wata mata da ke zaune ita kaɗai ta zame daga wurin zaman irin wannan baho ta maƙale a ƙasansa, jikinta ya tokare ƙofar da ke buɗewa ciki. Ta yi kwanaki a haka kafin a same ta, daga baya ta rasu a asibiti, danginta suka kai ƙara kotu. Mai jiki, da mai yawan jiri, da wanda mantuwa ta fara kamawa, da wanda ba ya iya miƙewa daga kujera sai an ɗaga shi, duk sai an yi dogon nazari. Da yawa daga cikinsu shawa mai daɓe ɗaya da ɗakin, da kujera da ƙarfen riƙewa, ta fi musu alheri, kuma ma'aikacin lafiyar da ya san yanayin jikin mutum ne ya kamata ya faɗi haka, ba mai cin kamasho ba.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Da baho da aiki abin yakan tashi daga 'yan dubban daloli zuwa sama da dala 10,000, kuma inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, Medicare, a tsarinta na asali ba ta biya. Dillalan sukan zo har falo, su ce rangwamen na yau ne kaɗai. Ku sani a Amurka cinikin da aka ƙulla a gidan mai saye ana iya soke shi cikin kwanakin aiki uku, a Ingila kuma galibi kwana 14 ne, sai dai abin da aka ƙera musamman don mutum yana iya fita daga wannan kariya. A Ingila ƙaramar hukuma na da tallafin gyara wa masu lalura gida da ke kaiwa fam 30,000, kuma ba a nemansa bayan an riga an fara aiki. Ku tambayi wa zai zo aikin, domin sau da yawa kamfanin da ya yi talla daban, 'yan kwangilar da za su shigo gidan daban. A ga lasisinsu, a ga takardar izinin aiki daga hukumar gari, a kuma rubuta wanda zai ɗauki nauyi idan ƙofa ta fara yoyo.

Masu aiko da irin waɗannan kaya gida, Kano ko Abuja ko Yamai, su ƙara lissafi. Daɓen siminti ba ya tsoron nauyi, amma ruwan da ke gangarowa daga tankin sama ba shi da ƙarfin cika baho da sauri, wuta na iya ɗaukewa injin bahon na tsaka da aiki, kuma gidaje da yawa an ɗaura musu hita ba tare da wayar da ke kai wuta ƙasa ba. Idan robar ƙofa ta mutu, a wace kasuwa za a samo irinta?

Ranar da aka gama aiki, kada a biya cikon kuɗi sai an gwada a gaban mai aikin, kuma lafiyayye ne zai fara shiga, ba Baba ba. A shimfiɗa tsohuwar jarida a bakin ƙofa da ƙarƙashin baho, a cika shi, a bar shi rabin awa, a haska da tocila a ga ko takardar ta jiƙe. A buɗe famfon zafi har ƙarshe a tsoma ma'aunin zafi. A duba agogo wajen cika da wajen tsiyayewa. A danna maɓallin gwaji na na'urar yanke wuta, injin ya mutu nan take. A rataya a jikin ƙarfen bango da dukkan nauyi. Sannan a zaunar da mai bahon a ciki da kayansa, babu ruwa, a ga ko hannunsa na kaiwa famfo da abin buɗe magudana da mariƙin ƙofa ba tare da ya miƙe ba, a kuma ajiye masa waya ko ƙararrawa inda zai iya ɗauka ko da yana ƙasan bahon.