Ma'aunin da Ya Yi Ƙarya Sau Biyu

A watan Agustan 2011 kamfanin BHP Billiton, wanda ya fi kowane kamfanin haƙar ma'adinai girma a duniya, ya sanar da ribar shekararsa da ta ƙare a watan Yuni: dala biliyan 23.6. Babu wani kamfani a Ostireliya da ya taɓa samun irinta. A lokacin, in aka tattara hannayen jarinsa kaf, na kasuwar Sidni da na Landan, kuɗinsu kimanin dala biliyan 200 ne. Masu sayen hannun jari suna da ma'aunin da suke fara dubawa kafin komai: a raba kuɗin kamfani da ribarsa ta shekara, a ga ribar shekara nawa za ta mayar wa mai saye da kuɗinsa. Na BHP bai kai 9 ba. A al'adar kasuwa 15 ko 16 ne tsaka-tsaki, saboda haka duk wanda ya dubi wannan lamba ya ga garaɓasa.

Waɗanda suka saya ba su ji da daɗi ba. Hannun jarin da ya kusa dala 50 ta Ostireliya a watan Afrilun 2011 ya faɗi ƙasa da 15 a Janairun 2016.

Abin ɗaure kan bai tsaya nan ba. A wannan Janairun, ribar ƙarshe da kamfanin ya sanar dala biliyan 1.9 ce kacal, kuɗin kamfanin duka kuma bai kai biliyan 60 ba. Ma'aunin ya tashi kusan 30, wato tsada ke nan ta fitar hankali. Bayan 'yan watanni ma asarar dala biliyan 6.4 aka sanar. To amma wanda ya rufe ido ya saya a wannan lokaci, cikin shekara biyu kuɗinsa sun ninka. Ma'auni ɗaya, kamfani ɗaya: ya ce araha, mutane suka yi asara, ya ce tsada, mutane suka ci riba. Ruwa ba ya tsami banza. Ina matsalar take?

Wanda za a fara tuhuma shi ne bala'in Samarco. Ranar 5 ga Nuwamban 2015 madatsar lakar ma'adinai ta ɓalle kusa da garin Mariana a jihar Minas Gerais ta Brazil, ta binne ƙauye, ta kashe mutum 19, ta gurɓata kogin Doce har zuwa teku. BHP ne ke da rabin kamfanin Samarco, kamfanin Vale na da ɗaya rabin. Babban abin baƙin ciki ne, kuma ya daki farashin hannun jarin. Sai dai kwanan wata ya wanke shi daga wannan tuhuma: kafin madatsar ta ɓalle, hannun jarin ya riga ya rasa kusan rabin darajarsa ta Afrilun 2011.

Sai a juya ga shugabannin kamfanin. Nan akwai abin faɗa. A 2011, ƙarƙashin Marius Kloppers, BHP ya sayi filayen iskar gas na Fayetteville a Amurka kan dala biliyan 4.75, ya ƙara da kamfanin Petrohawk kan biliyan 12.1. Bayan ya zuba wasu biliyoyin a ciki, a 2018 ya sayar wa BP mafi yawan harkar kan biliyan 10.5. Ciniki ne marar kyau, ba gardama. Amma da laifin shugabanni ne kaɗai, da maƙwabtansa, sauran kamfanonin ma'adinai, sun tsira. Ba su tsira ba. Rio Tinto ya yi asara a 2012, ya sake yi a 2015. Anglo American ya rasa kusan kashi uku cikin huɗu na darajarsa a 2015 kaɗai. Vale ma haka ya sha ƙasa. Ciwon da ya kwantar da unguwa guda ba daga tukunyar gida ɗaya ya fito ba.

Ko an yi coge ne a lissafin ribar 2011? A'a. Kuɗin sun shigo da gaske, an biya haraji a kansu, an raba wa masu hannun jari, har kamfanin ya sayi hannayen jarinsa na dala biliyan 10 daga kasuwa.

Bakin zaren yana tashar jiragen ruwa ta Port Hedland, a arewa maso yammacin Ostireliya, inda jiragen ƙasa masu tsawon fiye da kilomita biyu ke sauke tamar ƙarfe daga yankin Pilbara, a loda ta a jiragen ruwa zuwa Sin. A watan Fabrairun 2011 tan ɗaya na tama ya kusa dala 190. A Disambar 2015 ya sauko ƙasa da 40. Tamar dai ita ce, jan dutsen nan da ake fasawa da nakiya, jirgin ƙasan ma shi ne, albashin direbobi bai sauya sosai ba. Abin da ya sauya shi ne abin da masana'antun ƙarfe na Sin ke biya, kuma mai haƙa ba shi da ta cewa a kan wannan. Mai sayar da lemon kwalba yana iya ƙara farashi don sunansa. Mai sayar da tama kuwa abin da kasuwar duniya ta yanka shi zai karɓa.

A ɗauki misali don a ga yadda abin ke aiki. A ce haƙo tan ɗaya da kai shi Sin yana cin dala 40. In farashi 170 ne, riba 130 ce. In ya sauko 55, riba 15 ce. Farashi ya ragu da kashi biyu cikin uku, riba kuwa ta ragu da kusan kashi tara cikin goma. Haka nan in an juya: ɗan tashin farashi kaɗan yakan ninka riba sau biyu ko uku. Ke nan ribar shekara ɗaya ta kamfanin ma'adinai ba ta gaya maka ƙarfin kamfanin. Tana gaya maka inda farashin tama ya kwana a wannan shekarar.

Saura tambaya guda: me ya sa tsadar ba ta ɗore ba? Duk wanda ya san noman albasa ya san amsar. Shekarar da buhu ya yi tsada, kowa sai ya shuka, baɗi kasuwa ta cika, farashi ya karye. Bambancin kawai, albasa watanni take yi, sabuwar mahaƙa kuwa da layin dogonta da tashar jirginta shekaru take ɗauka. A Nuwamban 2008 gwamnatin Sin ta sanar da shirin kashe yuwan tiriliyan 4 a kan hanyoyi da layukan dogo da gine-gine, buƙatar ƙarfe ta yi tashin gwauron zabi. BHP da Rio Tinto da Fortescue da Vale duk suka duƙufa faɗaɗa mahaƙai. Tamar da aka yanke shawarar haƙowa a 2010 da 2011 ta iso kasuwa a 2014 da 2015, daidai lokacin da gine-ginen Sin suka fara lafawa. Ribar 2011 da kanta ce ta haifi faɗuwar 2015.

Yanzu an gane dalilin ƙaryar farko da ta biyu. A ƙololuwar farashi riba takan kumbura, sai ma'aunin ya yi ƙasa, ya yi kama da araha. A ƙasan rami riba takan tsotse, sai ma'aunin ya yi sama, ya yi kama da tsada. Ga irin wannan kamfani ma'aunin a juye yake karantuwa.

Maganin ya girmi matsalar BHP da shekaru masu yawa. Tun 1934, a littafinsu Security Analysis, Benjamin Graham da David Dodd suka ba da shawarar kada a auna kamfani da ribar shekara ɗaya, a ɗauki matsakaicin ribar shekaru biyar zuwa goma. A 1988 Robert Shiller na Jami'ar Yale da John Campbell suka ɗora a kai, suka auna kasuwar Amurka da matsakaicin riba na dogon zango bayan an cire tasirin hauhawar farashi. Shiller ya samu kyautar Nobel a 2013, kuma yau da sunansa ake kiran ma'aunin. Gyaran hauhawar farashin ba ado ba ne. Dala ɗaya ta 2002 tana sayen abin da dala ɗaya da kwata ke saya a 2011, don haka dole a mayar da kowace tsohuwar riba zuwa kuɗin yau kafin a haɗa. Wanda zai yi wannan lissafi da naira, bayan hauhawar da ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, in ya tsallake matakin nan lissafinsa bai da amfani ko kaɗan.

To mu gwada a kan BHP. A 2002 da 2003 ribarsa ba ta kai dala biliyan 2 ba kowace shekara. A 2004 ta kai 3.4, a 2005 ta kai 6.4, daga nan 10.5, 13.4, 15.4, sai ta faɗo 5.9 a 2009, ta koma 12.7, sannan 23.6. In aka mayar da su duka zuwa dalar 2011 aka raba goma, abin da ke fitowa ya ɗan haura biliyan 10. A raba biliyan 200 da shi: kusan 20. Kamfanin da aka ɗauka ana sayar da shi kan ribar shekara 9, ashe kan ribar shekara 20 ake sayar da shi. Gaskiya ne kamfanin ya girma a cikin shekarun, ya haɗiye WMC Resources a 2005, saboda haka matsakaicin ya ɗan rage masa daraja. Duk da haka tazarar 9 da 20 ta isa ta sa mai hankali ya dakata.

A Janairun 2016 kuma, matsakaicin shekarun 2006 zuwa 2015 ya kai kimanin dala biliyan 13. Kuɗin kamfanin bai kai ninki biyar na wannan ba. Ko da mutum ya ce waɗannan shekaru na garaɓasar Sin ne da ba za su dawo ba, ko ya tuna cewa an ɓalle sabon kamfanin South32 daga jikin BHP a watan Mayun 2015, ya yanke matsakaicin gida biyu, har yanzu bai kai 10 ba. Sau biyun nan ma'aunin Shiller ya faɗi gaskiya.

Da a nan zancen ya ƙare, da kowa ya yi arziki da takarda da biro. Akwai Peabody Energy, kamfanin kwal mafi girma a Amurka. A 2015, in aka auna shi da ribar shekarun da suka wuce, arahar tasa ta fi ta BHP nesa ba kusa ba. A Afrilun 2016 ya shigar da takardun karyewar arziki a kotu, masu hannun jarinsa suka tashi a tutar babu. Me ya raba su?

Abu biyu ne, kuma babu ko ɗaya da matsakaici ke iya gani. Peabody ya ci bashi ya sayi Macarthur Coal na Ostireliya a 2011, a ƙololuwar farashi, kan kimanin dala biliyan 5. Mai bashi ba ya jiran shekara goma su daidaita, wa'adinsa kawai ya sani. Sannan faɗuwar kwal a Amurka ba juyin kasuwa kaɗai ba ce: iskar gas mai araha tana ƙwace masa tashoshin lantarki ɗaya bayan ɗaya. BHP kuwa yana cikin masu haƙo tama mafi araha a duniya, don haka ko a farashin dala 40 mahaƙan Pilbara ba su daina kawo kuɗi ba. A Fabrairun 2016 ya yanke rabon ribar masu hannun jari da kusan kashi uku cikin huɗu don ya kare kansa daga masu bashi. Ya ji jiki, amma ya kai ga lokacin da farashi ya farfaɗo.

Matsakaicin shekara goma yana ɗauka cewa kamfanin da zai wayi gari gobe shi ne wanda ya yi waɗancan shekaru. Mahaƙa kuwa kullum raguwa take yi, kowane tan da aka ɗebe ba ya dawowa, kuma yawanci dutse mai kyau ake fara ɗiba. Hannayen jari ma suna ƙaruwa: Rio Tinto ya sayar da sababbi na dala biliyan 15.2 a 2009 don rage bashin sayen kamfanin Alcan, wanda ke nufin dole a yi lissafin a kan kowane hannun jari guda, ba a kan jimillar riba kaɗai ba.

Saboda haka, mai karatu, in an kawo maka hannun jarin kamfanin ma'adinai ana yabon ribarsa ta bana, nemi rahotannin shekara goma, ka mayar da ribar zuwa kuɗin yau, ka raba. Kafin ka fitar da ko sisi, buɗe shafin bashi ka ga nawa ne da ranar biyansa, ka duba nawa tan ɗaya ke cin kamfanin, ka kuma duba shekara nawa suka rage wa abin da ke ƙarƙashin ƙasa.